Ɗauraya ta Uku

Tun ina yarinya a Kaikai aikina ke nan, fitar da dutse daga inda bai kamata ya zauna ba. A ba ni gero in rege, a ba ni wake in tsince, a ba ni shinkafa in zauna da faifai har sai ta fita tas. Uwata mace ce da ba ta faɗin magana sau biyu. In haƙorin ubana ya ci karo da tsakuwa a cikin tuwo, ba ta cewa komai a gabansa, sai an kwashe kwanuka ta kira ni bayan rumbu. A hannunta na koyi yin abu sau uku kafin in ce ya yi. Ba don yabon kai nake faɗin wannan ba. Ina so ne a san irin matar da ta yi abin da zan ba da labari.

Ranar da za a kai ni gidan miji a Kusada, uwata ta kwance duwatsun wuyanta ta ɗaura mani. Tsakiya ce ja, irin ta mutanen da, wasu dogaye wasu gajeru, wadda ita ma wurin tata uwar ta gada. Santsi gare su kamar an lashe, in rana ta taɓa su sai ka rantse da garwashi a ciki. Ban da su ba ni da wani abin ado da zan ce nawa ne, kuma ban nemi wani ba.

Maigidana manomi ne. Ban faɗi sunansa yana raye ba, ba yanzu zan fara ba. Malam nake ce mashi, shi kuma 'yar Kaikai yake ce mani, har furfura ta fito mana mu duka. Da an gama girbi sai ya ɗaure kayansa ya tafi cin rani Jos, wurin haƙar kuza. Tun Turawa na mulki yake zuwa, har suka tafi bai daina ba. Abin da ya hana shi komawa tari ne, wani busasshen tari da ya kwaso a cikin ramukan nan ya kawo gida, ya zauna mashi a ƙirji kamar ɗan haya. Ɗiya ɗaya Allah ya bar mana, muka aurar da ita a Ƙofa, gidan ya rage daga ni sai shi.

Sai aka yi farin nan. Shekara biyu a jere gero na fitowa yana ƙonewa a tsaye. Rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma suka gaji suka fita. Wata safiya na kwance tsakiyar da hannuna, na ƙulle a gefen tsumma, na ajiye mashi a kan buzun salla. Ba shi ya roƙa ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya daɗe yana kallon ƙullin, sannan ya ɗauka ya kama hanyar Kankiya. Da la'asar ya dawo da dawa a bayan jaki. Muka ci, muka aika wa ɗiyarmu, muka rayu.

Daga ranar idonsa bai sake sauka a wuyana ba. In yana mani magana, ko dai ya dubi goshina ko ya dubi ƙasa. Ni mai lura ce, na gani. Da ruwa ya dawo, abinci ya samu, ya yi ta zuwa Kankiya ranar kasuwa yana cigiyar mutumin da ya saya. Aka ce bafatake ne, ya yi arewa, ba wanda ya san garinsu. Lokacin kuma duniya ta fara canzawa, ana ta maganar kuɗin mai. 'Ya'yan mutane na dawowa daga birni da rediyo da babur, mata sun koma sarƙa mai ruwan zinariya, ba mai waiwayar dutse. Na ce mashi ya bar wahalar da kansa, abin da ya tafi ya tafi. Ya ce to. Ashe to ɗin na baki ne.

Bayan girbin wata shekara ya shigo gida da tarkace a ka: ƙafar keke ba taya, da sarƙarta, da feda guda, da wani babban gwangwani mai murfi.

Na ce, "Malam, ina sauran keken?"

Ya ce, "Wannan ma ya isa inda za ni."

"Ina za ka?"

"Wuyanki."

Na ajiye muciya na dube shi. Ya zauna a gindin itacen bedin da ke tsakar gida, ya yi tarinsa ya gama, sannan ya ba ni labari. Wai a Jos akwai wani Bature mai kula da ramukan, da ke da wata 'yar ganga a barandarsa, lantarki na juya ta ba dare ba rana. A ciki duwatsu ne kawai, da ruwa, da gari mai kaushi. Suna birgima suna gugar juna, bayan makonni a canza garin a sa wanda ya fi laushi, a sake canzawa, daga ƙarshe a sa wani farin gari. In aka buɗe, duwatsun da ka tsinta a rafi sun koma kamar alewa. Maigidana ya taɓa yi wa Baturen shara na rani guda, ya tsaya ya ga yadda ake yi tun daga farko. Da Baturen zai koma ƙasarsu, ya juye mashi ragowar farin garin a tafin hannu, shi kuma ya ɗura a batta.

Na san battar. Shekara fiye da goma tana cikin jakar fatarsa, na ɗauka magani ne, ban taɓa tambaya ba. Ya buɗe ya nuna mani. Bai fi cikin cokali uku ba, fari fat, laushi kamar ba komai a yatsa.

Ya ce, "Sauran garin zan samu. Maƙerin Kankiya ya ba ni fasasshen dutsen washi, in na daka ya isa. Amma wannan farin, na juyi ɗaya ne. Ba shi a ƙasar nan."

Na ce, "Da girmanka, da furfurarka, wasan tsakuwa za ka koma?"

Ya ce, "Ni na kai duwatsunki kasuwa, 'yar Kaikai."

"Ni na ba ka."

"Ni na kai."

Na koma kan tuwona.

Kwana uku ya yi yana haɗa abin. Ya kafa icce biyu, ya gitta ƙarfe, ya ɗaure gwangwanin a kwance, ya shimfiɗa robar cikin tayar keke a cikinsa don kada duwatsun su fasa juna. In ya juya fedar da hannu sai gwangwanin ya yi ta birgima a hankali. Sannan ya shiga bin busasshen rafi yana tsintar duwatsu, jajaye da masu ruwan ƙasa, da wani guda mai farin zane a tsakiya. Ya ɗauki dutse ya lasa ya duba, ya jefar ko ya sa a aljihu, mutane na wucewa da jakuna suna kallonsa. Na tambaye shi dalilin lasar, ya ce yawu ke nuna launin da dutse zai yi in an gama. Ya ƙara da cewa, "Amma kada ki yarda da shi yana jiƙe. Kowanne kyau gare shi in ya sha ruwa. Sai ya bushe ake sanin an yi aiki ko ba a yi ba."

Daga nan gidanmu ya samu sabuwar murya. Ƙwaras, ƙwaras, ƙwaras, tun hantsi har azahar, a huta, a dasa bayan la'asar. Abin da lantarki ke yi a mako, hannun mai tari sai ya yi wata yana yi. Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Labari ya kai Ƙofa, inda yayarsa ke aure, sai ga ta ta zo da kanta. Ko mayafi ba ta cire ba ta ja ni gefe.

"Ke, me ƙanena ke niƙa?"

"Dutse, Yaya."

"Na san da dutse ake niƙa. Me yake niƙawa?"

"Dutsen yake niƙawa."

Ta dafe ƙirji ta yi salati. "An kai shi wurin malamai kuwa?"

Yana jin mu. Bai daina juyi ba ya ce, "Yaya, in an gama har ke zan ba guda."

"Ka riƙe abinka. Ni haƙorana sun ƙare."

Ranin farko kaf a banza ya tafi. Duwatsun sun yi kwana, kaifinsu ya mutu, amma duk canjin garin da ya yi suna nan da zane-zane kamar bayan tsohuwar ƙwarya. Ni kuwa na san dalili tun makon farko. Ina shara na tsinci garin da ya zube, na murza a yatsa, na ji mai kaushi da mai laushi duk a haɗe suke. Da rariya kawai yake tankaɗewa, rariya kuwa ba ta raba irin wannan. Wanda yake kira mai laushi cike yake da manyan ƙwayoyi, suna ɓata abin da ƙananan suka gyara. A Jos shi haƙa ya iya, mata ne ke wanke kuza da ƙwarya, bai taɓa koyo ba.

Na gani na yi shiru, rani guda cur. So nake ya gaji ya bari. Kowane canjin gari tulu guda na ruwa yake ci, ni ke ɗebowa. Juyin na tayar mashi da tari. Ga dariyar mutane, wadda shi ba ya ji, ni ke kwasarta a bakin rijiya. Na ce a raina in abin ya ƙi sau uku zai haƙura, mu koma zamanmu.

Bai haƙura ba. Da damina mijin ɗiyarmu ne ya riƙe mana rabin gonar, don Malam ba ya iya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya dafa fartanya. Ana gama ɗaure dammuna ya koma gindin bedi. Ya rame, rigarsa ta yi mashi yawa. Shi ma ya gano inda matsalar take, don wata safiya na same shi da ƙwaryata a hannu, ya zuba garin da ruwa yana ƙoƙarin regewa. Ruwa na zuba ta ko'ina, garin na bin ruwa yana tafiya ƙasa.

Ba tausayi ne ya tashe ni ba. Aikin banza ne ba na iya kallo.

Na ce, "Kawo nan."

Na dama garin a babbar ƙwarya. Wanda ya kwanta nan take na ware shi, shi ne mai kaushi. Na tsiyaye ruwan a ƙwarya ta biyu, na karanta Fatiha a hankali, wanda ya kwanta kafin in shafa shi ne na tsakiya. Na tsiyaye a ta uku na rufe da faifai, sai la'asar na buɗe, ga wani laushi a gindin kamar kamu. Kowanne na maimaita shi sau uku. Ya murza na ƙarshen a yatsa, ya rufe ido.

Ya ce, "Ashe injiniya nake aure ban sani ba."

Na ce, "Ashe rege ma ba ka iya ba, kake neman yin tsakiya."

Ya yi dariya har tari ya kayar da shi. Bai tambaye ni tun yaushe na sani ba, ni kuma ban faɗa ba.

Daga nan abin ya fara kama hanya. Aka koma farko da mai kaushi, wata biyu. Aka wanke, aka sa na tsakiya. Ƙarar ma ta canza, ta daina ƙwaras ta koma wani shuu mai taushi kamar ana rege shinkafa. In ya tafi masallaci sai in zauna in ɗan juya, don kada abin ya kwana wuri ɗaya, ina jin sallamarsa a zaure in tashi in kama tsintsiya. Ran nan ya shigo ya dafa ƙarfen ya ji da ɗumi, ya ce, "Aljanun gidan nan akwai zuciyar taimako." Na ce ban san zancen da yake yi ba. Washegari ya kawo kujera ta biyu ya ajiye kusa da tasa.

Akwai abin da ya daɗe yana cina, wata rana ina juyi yana kwance a tabarma na fito da shi.

"Malam, ko sun yi ƙyalli, da me za ka huda su?"

"Akwai masu huda a Kano."

"Wa zai kai ka Kano da wannan ƙirjin?"

Ya juya fuska wajen katanga. Gaskiya na faɗa. Amma ba duk gaskiya ce ake buƙata a ranar da aka faɗe ta ba, wannan sai daga baya na sani.

Gari na uku ya ƙare ne a tsakiyar bazara. Lokacin an riga an kai shi asibiti an dawo da shi da ƙwayoyi, an ce ya huta. Ba ya iya zama sai da jingina. Na juye duwatsun na kai mashi, ya shanya guda a tafin hannu har ya bushe. Ba zane ko ɗaya. Sumul yake kamar kuncin jariri, sai dai da wani hazo-hazo a kansa, kamar idon da farar yana ta fara rufewa. Ya ce wannan hazon shi farin garin ke cirewa. Saura juyi ɗaya.

Ya ce, "Ki wanke duwatsun, ki wanke robar, ki wanke gwangwanin. Ko ƙwaya ɗaya ta tsohon garin kada ta saura."

Na ce, "Ni za ka koya wa wanki?"

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, uwar masu tsabta."

Na kai kayan bayan ɗaki inda nake wanke-wanke. Duwatsun na bi su ɗaya bayan ɗaya, robar ma haka. Da na zo kan gwangwanin sai na ga baƙin garin ya kama cikinsa ya yi kanta, ruwa da soso ba su fitar ba. Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya tafi da kansa inda ya saba zuwa tun ina 'yar shekara bakwai, ya damƙo yashi da toka. Haka ake wanke tukunya, haka ake wanke kwano, a Kaikai da Kusada da duk inda na sani. Na dirje shi ciki da baki har ya yi fari yana ɗaukar ido. Na ji daɗin aikina.

Na ɗauraye sau ɗaya. Na ɗauraye sau biyu. Na koma randa a bakin ɗaki, na sa moɗa na ji ta taɓa gindi. Bazarar nan rijiyarmu ta ja baya, sai ka kwashe safiya guda a layi kafin ka samu rabin tulu, shi ma ja. Ban dama mashi kunu ba, ban wanke gero ba, ga alwalar azahar. Na ɗebo moɗa ta uku, na riƙe ta a kan bakin gwangwanin. Har yau ina jin nauyinta a hannuna. Na leƙa ciki a hasken rana, na ga fes. Na mayar da ruwan cikin randa.

Shi ya juye battar da hannunsa. Ya ƙwanƙwasa gindinta, ya ɗiga ruwa ya kaɗa ya ƙara juyewa, don kada a bar komai. Ya yi bisimilla muka rufe murfi, ya naɗe bakin da roba. Ya ce kada a buɗe sai bayan kwana arba'in, don duk buɗewa asarar farin ce.

Ni na yi juyin nan kusan duka. Shi yana kwance a inuwa yana saurare, wani lokaci ya ce in rage sauri. A kwana na uku kunnena ya kama wani abu a ƙarƙashin shuu ɗin, wani ɗan ƙas, ƙas, can ƙasa-ƙasa. Na tsaya. Na ce wa kaina sarƙa ce ke son mai. Na ɗiga mata man gyaɗa na ci gaba. Ƙarar ba ta tafi ba, ni ce na daina jin ta.

Ranar buɗewa hadari ya fara haɗuwa a gabas, na farko a shekarar. Yaya ta zo duba shi, ta tarar da mu. Na jingina shi da gindin bedi, na kwance robar, na juye komai a ƙwarya, na zuba ruwa na tsiyaye farin a ƙasa. Suka fito jajir suna walƙiya, mai farin zanen nan kamar a sa a baki.

Yaya ta ce, "Kai! Ashe ba hauka ba ne. To ina nawa?"

Ya ce, "Ku dakata."

Ya sa na shimfiɗa farin ƙyalle a faifai na jera su. Muka zauna mu uku muna kallon duwatsu suna bushewa. Daga gefe ƙyallin ya fara janyewa, yana tattaruwa a tsakiya, yana ƙanƙancewa, har ya ɗauke. Hazon na nan. Ban da hazon kuma ga wasu siraran zane ko'ina a jikinsu, waɗanda babu su kwana arba'in da suka wuce.

Ya miƙa hannu na ba shi gwangwanin. Ya zare robar cikinsa, ya sa farce a haɗin gindin, inda ƙarfe ya naɗe kan ƙarfe, ya bi shi a hankali ya zagayo. Ya fito da farcen ya duba, idonsa bai gani da kyau ba, sai ya kai baki ya gwada da haƙori.

Na ji ƙarar daga inda nake zaune. Shekara talatin da wani abu yana cin abincin hannuna, ranar ce ya fara tauna tsakuwa.

Ya ce, "Da me kika wanke?"

Na ce, "Da abin da ake wanki."

"Yashi."

"Da toka."

"Kin ɗauraye?"

"Sau biyu."

Ya san ni. Ya san ko ludayi ba na ajiyewa a kan biyu. Ya juya ya dubi randar da ke bakin ɗaki, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ruwa ya yi wuya bana."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Da zagina ya yi, da na san inda zan ajiye shi.

Yaya ta dube ni ta dube shi, ba ta gane ba. Ta ce, "To ku shafa masu man gyaɗa mana, wa zai sani?"

Ya ce, "Waɗanda na kai kasuwa ba mai aka shafa masu ba, Yaya."

Na tashi na durƙusa inda na tsiyaye ruwan, na kankare farar laka da bakin wuƙa, na haɗa da abin da ya maƙale a robar. Kwana biyu ina regewa. Duk iyawata abin da na samu toka-toka ne, ya gauraye da ƙasa da garin duwatsun kansu, bai cika rabin cokali ba. Duk da haka na koma gari na uku don in kashe zanen, na wanke gwangwanin da ruwa zalla har sau bakwai, da tsinke na bi haɗin gindin. Ruwan sama ya sauka a makon, randa ta cika har tana zuba. Na zauna na ci gaba da juyi, safe da yamma, yana daga cikin ɗaki don ba ya iya fitowa.

Wata la'asar ana yayyafi ya kira ni.

"'Yar Kaikai, bar abin nan haka. Kina hana ni jin ruwa."

Na ce, "Saura kaɗan."

Ya ce, "Babu saura. Kawo su nan. Ki zubo su a kwano, ki sa masu ruwa."

Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Kai ka ce kada a yarda da su a jiƙe."

"Na faɗa. Kawo."

Na kawo na ajiye kusa da kansa, inda hasken ƙofa ke faɗowa. Suna cikin ruwan jajir, kamar ranar da uwata ta ɗaura mani nata. Ya kwanta ta gefe yana kallonsu. Kullum da safe in canza ruwan. Ko sau ɗaya bai ce in ɗauko guda in kara a wuya ya gani ba, ni ma ban yi ba. Kafin gero ya kai gwiwa ya rasu, ranar wata Talata da hantsi.

Cikin takaba ba inda zan je, sai na koma gindin bedi. Na gwada 'yar tokar da na rege, ba ta yi komai ba. Na gwada tokar kara tankaɗaɗɗiya. Na gwada alli, na gwada farar ƙasa, na daka ɓawon ƙwai, har hodar da ɗiyata ke shafawa na karɓa na zuba. Kowanne sai na ba shi kwanakinsa, in buɗe, in shanya, in zauna in ga ƙyallin ya janye daga gefe. Masu zuwa gaisuwa suna jin ƙarar tun daga zaure, na san abin da suke faɗa in sun fita. Mijin ɗiyata ya yi mani cigiya a Kano wurin masu sayar da kayan ƙarfe da na gini. Suka ce mene ne sunan garin? Ban sani ba. Shi ma Malam farin kawai yake ce mashi.

Damina biyu bayan haka gindin gwangwanin ya ci tsatsa ya ɓule, a daidai haɗin nan. Ƙafar keken na ba maƙeri. Battar tana nan.

Yanzu Kusada ta zama gari, an yi sakatariya, babura sun hana mutum tsallaka hanya. Akwai famfo a bakin lungunmu, ruwa na zuba a ƙasa ba mai ɗaga kai. In na ga an bar shi a buɗe nakan tsaya in rufe, in yi faɗa, su ce tsohuwar nan ta cika fitina. Ɗiyata ta je Makka ta kawo mani sarƙa, ta ce zinariya ce ta gaske. Na yi mata godiya na sa a akwati. Ta yi ta tambaya har ta gaji ta daina.

Duwatsun suna cikin kwanon, a kan tagar ɗakina, ba wanda aka huda. Ranar da aka fita da shi na tsiyaye ruwan, ban sake zuba masu a kwanon ba. Masu shigowa sukan ɗauka tsakuwar rafi ce na tara, wata ma ta taɓa cewa in ba ta ta sa wa kaji a kwanon ruwa. Ba su yi kuskure sosai ba. A bushe nake kallonsu, yadda ya koya mani, kuma a bushe ba su da wani kyau.